Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Sakkwato Kan Koyar Da Ilmin Einstein

Zuwa ga Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Shugaban Jami'ar Jihar Sakkwato, da shehunan malamai masu riƙe da sassan fiziks da lissafi a jami'o'in biyu, da Mai Girma Kwamishinan Ilmi Mai Zurfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta almajiri ga malamansa, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada dogon bayani ya binne shi. Ku haɗa hannu ku buɗe gajeren kwas na mako biyu a nan Sakkwato, sau ɗaya kowace shekara, a riƙa koya wa ɗalibai ka'idar rilatibiti ta Albert Einstein, wadda ke bayanin alaƙar sarari da lokaci, da kimiyyar girabiti, wato ƙarfin nan da ke dawo da dutse ƙasa in an jefa shi sama, shi ne kuma ke riƙe da wata a kewayen duniya, da duniya a kewayen rana. Abin da aikin ke bukata bai wuce zaure ɗaya mai faffaɗan allo ba, da alli, da wutar da ba ta ɗaukewa, da malamai huɗu ko biyar waɗanda suka san abin ciki da bai.

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a cikin garin nan. Lokacin da nake ɗalibi, a wata jami'a da ba sai na kama suna ba, rilatibiti ta zo mana ne a wutsiyar wani kwas, zango ya kusa ƙarewa, malami na sauri ya kammala manhaja. Aka rubuta ƙa'idojin lissafi a allo, muka kwafa, muka haddace, muka juye a takardar jarrabawa, muka ci. Rilatibiti kashi biyu ce, ƙarama da babba; babbar kuwa, wadda ta yi bayanin girabiti, sunanta kawai muka ji. Abokan aikina da suka fito daga jami'o'i daban-daban, labarinsu bai yi nisa da nawa ba. Ba laifin malamanmu nake gani ba. Mutum ɗaya na ɗauke da kwasa-kwasai barkatai, ɗalibai sun cika zaure har bakin taga, ga yajin aiki na cinye watanni kamar na 2022 da ya kai wata takwas. Dole wani abu ya zube, kuma abin da ke ƙarshen littafi shi ke fara zubewa.

Yaran yanzu kuwa ba sa jiran manhaja. Tun da aka fito da hoton baƙin rami na farko a watan Afrilun 2019, wanda ke tsakiyar gungun taurarin M87, waya ta kai labarin har tsakar gidajensu. Baƙin rami kuwa wuri ne a sararin samaniya da girabitinsa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa. Wata ɗaliba 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ana tsakiyar darasin haske, ta ce: "Malam, kun ce haske ba shi da nauyi. To mi ya sa baƙin rami ke haɗiye shi?" Aji ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Yarinyar nan ta ɗora yatsa daidai inda bayanin Isaac Newton na 1687 ya tsaya, domin a wurin Newton girabiti ja ne tsakanin abubuwa masu nauyi. Amsar tambayarta sai a ka'idar da Einstein ya kammala a birnin Balin na Jamus a watan Nuwamban 1915: abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, komai kuma, har da haske, yana bin hanyar da ta fi miƙewa a cikin wannan lanƙwasasshen fili. Na ba ta iya abin da na tsinto a karatun kaina. Damuwata ita ce sauran azuzuwa, a Tambuwal da Gwadabawa da Wurno da Isa, inda irin wannan tambaya za ta taso, malami ya ce ba ta cikin silabas, yarinya ta sauke hannu, daga ranar ba ta ƙara ɗagawa ba.

Wani zai ce ilmin ya fi ƙarfin kan ɗalibanmu. Ban yarda ba, ga kuma dalilina. A kife ƙwarya a kan tebur, a ɗauki gawayi. Daga tsakiyar gindinta a ja layi har baki, a koma tsakiya a ja na biyu, ya zama kusurwar da ke tsakaninsu digiri 90 ce. Bakin ƙwaryar da ke tsakanin layukan shi ne gefe na uku, an samu alwatika ke nan. Kowane layi ya sauka kan baki a tsaye, digiri 90, ta sama ma 90 ce. A tara, 270. Ɗalibin da ya haddace tun ƙaramar sakandare cewa kusurwoyin alwatika 180 ne ba ƙari ba ragi, sai ka ga ya matso, ya karɓi ƙwaryar yana jujjuya ta, yana neman inda aka yi masa wayo. Sannan a ce masa ya ɗauka tururuwa biyu sun tashi daga baki, kowace ta miƙe sak ta nufi sama, ba wadda ta karkata ko kaɗan. A tsakiya za su haɗu, alhali ba abin da ya ja su, siffar ƙwaryar ce ta haɗa su. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren. Sauran tafiyar, daga ƙwarya zuwa lissafin tensa, wanda da shi ake auna irin wannan lanƙwasa, da ƙa'idojin Einstein kansu, ita ce mai tsawo, da wuya mutum ya yi ta shi kaɗai, kuma ita nake roƙon ku samar wa jagora.

Ilmin nan ma ba baƙo ba ne a yankinmu kamar yadda ake zato. Ka'idar ta yi hasashen cewa hasken tauraro, in ya bi ta gefen rana, zai karkace da kusan kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri ɗaya. Taurarin da ke dab da rana ba a ganinsu sai lokacin cikakken husufi, don haka domin husufin 29 ga Mayu, 1919, masana daga Ingila suka kasu biyu. Wasu suka kafa na'ura a garin Sobral na ƙasar Birazil, Arthur Eddington kuma ya sauka a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini. Tazarar tsibirin nan da gaɓar Najeriya ba ta kai tazarar Sakkwato da Kano ba. Ranar da ruwa aka tashi, gajimare ya rufe sama, a cikin hotuna 16 da Eddington ya ɗauka biyu kacal suka yi amfani. Aka haɗa da na Birazil, aka bayyana sakamako a Landan ranar 6 ga Nuwamban shekarar, washegari sunan Einstein ya cika jaridu. Ɗalibanmu nawa suka san cewa a maƙwabtanmu aka yi wannan gwaji? Da yawanmu mun shaida husufin 29 ga Maris, 2006, lokacin da rana ta dushe da hantsi, mutanen Gusau da Katsina kuma suka gan shi cikakke. An yi salla, an yi addu'a, kamar yadda sunna ta koyar. Da akwai ɗaliban da aka shirya tun kafin ranar, da sun ƙara da aunawa da rubutawa.

Mai tambayar amfanin abin kuwa, amsar na cikin aljihunsa. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowane na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, waya kuma tana gane inda take ne ta hanyar auna lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso gare ta. Saboda gudun da suke yi, kusan kilomita 14,000 a awa, agogonsu na yin baya da maikrosakan 7 kowace rana, maikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Saboda girabiti ya fi rauni a can sama, agogon na yin gaba da maikrosakan 45. A cire 7 daga 45, saura 38. Kamar ba komai ba, amma haske na cin mita 300 a maikrosakan ɗaya. Da ba a sa gyaran Einstein a cikin tsarin ba, da kuskuren ya riƙa taruwa yana haura kilomita 10 a rana. Ɗan safiyo da ke auna filaye a Kalambaina, da direban da ya yi lodin albasa daga Goronyo ya nufi Legas, da alhajin da ke neman masaukinsa a Makka, duk a kan wannan gyara suke tafiya. Lissafin 45 da 7 ɗin nan, ɗalibin aji uku a jami'a zai fitar da shi da hannunsa da kalkuleta a zama ɗaya in an nuna masa hanya. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar auna siffar ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauci. Irin waɗannan wurare masu wannan lissafi suke nema, kuma ina so a riƙa samun 'ya'yan Sakkwato a cikinsu.

Abin da ya fi ƙarfafa mini guiwar rubuta muku shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Satumba, 2015. A Amurka akwai na'urori biyu da ake kira LIGO, ɗaya a Livingston, ɗaya a Hanford, kowace na da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4 da hasken leza ke kai da komo a cikinsu. Shekaru kusan biliyan 1.3 da suka wuce, baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya ya ninka nauyin rana kusan sau 36, ɗaya sau 29, suka yi ta zagaya juna har suka haɗe. Girgizar da suka tayar a cikin sarari ta yi ta tafiya da gudun haske har ta iso duniya a ranar nan. Ta fara taɓa Livingston, bayan kashi 7 cikin 1,000 na sakan ta taɓa Hanford. Tsawon hannuwan ya motsa da abin da bai kai faɗin furoton ba, wato ɗan mitsitsin da ke tsakiyar ƙwayar zarra, nesa ba kusa ba, kuma duka abin bai wuce kashi 2 cikin 10 na sakan ba. Einstein ya yi hasashen irin waɗannan igiyoyi tun 1916, aka shekara kusan ɗari kafin a kama su, aikin kuma ya jawo kyautar Nobel ta 2017.

Inda abin ya shafe mu shi ne, bayanan da na'urorin suka naɗa an zuba su a intanet kyauta, tare da darussan yadda ake sarrafa su da manhajar Python. Ɗalibi a Dundaye, da tsohuwar kwamfutar cinya da data ta kuɗi kaɗan, zai iya sauko da su, ya tace hayaniyar da ta lulluɓe su, ya ga igiyar na tashi a gabansa tana ƙara sauri har ta yanke. Da yake saurin kaɗawarta ya faɗo cikin abin da kunnen mutum ke ji, zai iya mayar da ita sauti ya saurara. Gani ya kori ji. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai ƙara kallon fiziks a matsayin labarin da ake ba shi daga nesa ba.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin yadda rashin kayan aiki ya ɗaure fannonin kimiyya da yawa a jami'o'inmu. Akwai binciken da ba ya yiwuwa sai da na'urar da kuɗinta ya fi kasafin sashe na shekara goma, in ma an samo ta, zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta su gama da ita. Wannan fanni yana cikin 'yan kaɗan ɗin da wannan ɗauri bai kama ba. Karl Schwarzschild yana sojan Jamus a fagen daga da Rasha, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya warware ƙa'idojin Einstein da takarda da alƙalami, aka buga aikin a 1916, ya rasu a shekarar. Daga wannan warwara aka san cewa da za a matse duniyar nan baki ɗaya ta koma dunƙulen da faɗinsa bai kai santimita 2 ba, da ta zama baƙin rami. Takarda muna da ita, kawuna muna da su, bayanan gwaji kuma an ba da su kyauta. Malami ne da lokaci suka rage.

Wasu sun riga mu gane haka. Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979, ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta duniya, ICTP, a birnin Trieste na Italiya tun 1964 don masanan ƙasashe irin namu, kuma gajerun makarantu na cikin manyan ayyukanta. Makarantar fiziks ta Afirka da ake kira ASP ta fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta je Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. A nan gida ma an yi makarantar matasa masu ilmin falaki ta Afirka ta Yamma a Abuja a 2013 da Nsukka a 2015. Duk alheri ne. Sai dai ɗalibin da ubansa ke noman gero a Gada, kafin labarin irin wannan dama ya iso kunnensa an rufe karɓar takardu, in ya ji da wuri kuma ga kuɗin mota, ga fasfo, ga takardar shaidar malamin da ya taɓa koya masa fannin, wanda babu shi. Kwas ɗin da nake roƙo shi ne tsanin farko, wanda zai sa ɗalibinmu ya iya neman waɗancan da ƙarfin guiwa.

Ga yadda nake hango shi, ku kuma ku gyara, don kun fi ni sanin aikin. Makon farko na ƙaramar ka'idar ce, ta 1905. A fara da agogon haske, wato haske mai kai da komo tsakanin madubai biyu, a bar ɗalibi ya fitar da jinkirin lokaci da kansa, da ƙa'idar Pythagoras da ya sani tun sakandare, har ya ga cewa agogon da ke tafiya da kashi 87 cikin 100 na gudun haske rabin lokacin namu yake ƙirgawa. A kawo masa ƙwayoyin miyuwon, 'yan mitsi-mitsin da ido ba ya gani, waɗanda ke samuwa a nisan kusan kilomita 15 a sama, tsawon ransu maikrosakan 2.2 ne, wanda a tsohon lissafi bai isa ya kai su mita 700 ba, amma ga su nan suna isowa ƙasa, kusan ɗaya na ratsa tafin hannun mutum kowane sakan. A mako na biyu a shiga girabiti: dalilin da ya sa mai faɗowa ba ya jin nauyinsa, lanƙwasar sarari, warwarar Schwarzschild, ɗan karkatar nan ta zagayen duniyar Makuri, mafi kusa da rana, da ta gagari lissafin Newton tun 1859, agogon GPS, a rufe da bayanan LIGO.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne tsarin yini. Lacca da safe, kada ta wuce biyu. Bayan Azahar har La'asar kuwa ba lacca ko ɗaya, sai warware tambayoyi, ɗalibai biyar-biyar a gaban allo, alli a hannunsu, malami na zagayawa yana tambayar "daga ina wannan ya fito?" A nan ake koyo. Mun sha halartar bitoci inda baƙo ke haska hotuna a bango, a tafa masa, a raba shinkafa da takardar shaida, kowa ya koma gida yadda ya zo. Kada wannan ya zama irinsu. Wanda bai warware tambayoyi ba, bai kuma tsaya a ranar ƙarshe ya yi bayanin ƙaramin aikinsa na minti goma ba, kada a ba shi takarda ko ɗan wane ne.

Lokacin da ya fi dacewa a ganina shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba, zafi ya lafa, sama ta wanke tas. Bayan Isha'i a fita fili a bayan jami'a, nesa da fitilu, ko da ƙaramin madubin hangen nesa ɗaya ne a bi layi a duba.

A ɗauki ɗalibai kamar 40 a karon farko, 'yan ajin ƙarshe da masu digiri na biyu a fiziks da lissafi, a bar kujeru goma ga malaman sakandare, domin kowane ɗayanmu ɗaruruwan yara ne ke bi ta hannunsa. A gayyato na Birnin Kebbi da Aliero da Gusau. A ware wa mata kaso tun daga takardar sanarwa, a tanadar musu masauki mai tsaro da malama mace a cikin masu koyarwa ko masu kula, don iyaye da mazaje su saki jiki. A garin Nana Asma'u ba sai an yi dogon bayani a kan wannan ba. Tsarinta na 'Yan Taru ai shi ne mata su taso daga ƙauyuka bisa jagorancin jaji, su ɗauki karatu na ɗan lokaci, su koma su koyar da na gida.

Sai kuma 'yan'uwanmu na Nijar. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni taku kaɗan ne, akwai jami'o'i a Tawa da Maraɗi, babbar jami'arsu ta Yamai kuma sunan masanin fiziks ta ci, Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a binciken hasken rana. Su da Faransanci suka yi karatu, mu da Ingilishi, amma in aka tsaya gaban allo Hausa za ta haɗa mu. Shi ya sa nake roƙon kada a hana Hausa shiga zauren. Lacca ta tafi da Ingilishi, alamomin lissafi dama na kowa ne, amma a zaman warware tambayoyi a bar ɗalibi ya yi gardama da harshen da yake tunani da shi. Na sha ganin yaron da ya yi gum da Turanci, da aka ce ya faɗa da Hausa sai ga bayani tiryan-tiryan, ashe ya gane, harshe ne ya tare shi.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Jihar da yara da yawa ba sa makaranta, gabashinta na fama da 'yan bindiga, asibitoci na neman likitoci, ina ita ina baƙin rami? Ni ma ina da dangi a waɗannan ƙauyuka, ban raina wannan ciwo ba. Amma kwas na mako biyu ba ya cin kuɗin aji ɗaya na firamare, ba ya hana ɗaukar likita. Kuma mafi yawan waɗanda za su yi shi ba masana girabiti za su zama ba. Za su fita da iya rubuta manhajar kwamfuta, da iya tsamo gaskiya daga cikin tarin alƙaluma masu hayaniya, da jure wa matsala har a ga bayanta, abubuwan da kamfanin sadarwa da banki da hukumar hasashen yanayi da ma'aikatar lafiya duk ke nema. Biyu ko uku a cikinsu kuwa za su zarce, su yi digiri na uku, su dawo su karɓi allon daga hannun baƙi. Don waɗannan biyu ko ukun ma kaɗai aikin ya cancanta.

Akwai kuma masu jin ɗar-ɗar da zarar an ambaci taurari, suna tuna duba da bokanci. Taka-tsantsan ɗinsu na da tushe, malaman jihadi sun ja kunne a kan masu duba. Amma hisabi daban, duba daban, kuma magabatanmu sun san haka. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi duniya ta san shi. Kowace shekara ƙasar nan kaf tana kasa kunne ga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi don jin labarin jinjirin wata. Ba zan ce lissafin tsayuwar wata na bukatar Einstein ba, na Newton ya wadatar. Sai dai ɗalibin da ya ƙware a lissafin zagayen duniyoyi shi ne gobe zai taimaka wa kwamitin duban wata da sanin inda za a duba da lokacin da za a duba. Watan nan kansa ma wurin gwaji ne: tun 1969 aka ajiye madubai a kansa, ana harba musu leza daga ƙasa, da haka aka gane yana nisantar mu da kusan santimita 3.8 a shekara, da haka kuma ake ƙara gwada ka'idar Einstein. Ina ba da shawarar a keɓe dare ɗaya a gayyato malaman kwamitin su zauna da ɗalibai, kowane ɓangare ya ji na ɗan'uwansa.

Batun kuɗi da malamai, ƙofofi a buɗe suke. ICTP na da shirin da ke tura masana su koyar a jami'o'in ƙasashe masu tasowa in jami'ar ta nema. Ofishin ƙungiyar masana falaki ta duniya da ke birnin Kef, a Afirka ta Kudu, na karɓar takardun neman tallafi kowace shekara. Ga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, ga gwamnatin jiha, ga 'yan ƙasar nan da ke koyar da fannin a waje, waɗanda wasunsu za su ba da lacca ta Zoom in an tuntuɓe su da mutunci kuma da wuri. Matsalar wuta kuwa, jami'ar da ke da Cibiyar Binciken Makamashi a harabarta ba za ta rasa sola da batirin da za su riƙe zaure ɗaya ba. In abin ya kafu, sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da ita a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ta ga ya dace, nan ne gurbin da zai zama cikakken kwas mai maki. Abin da za a samu dai a kashe shi kan abinci da masauki da kuɗin motar ɗalibai da data, a rage na alluna da jakunkuna da bikin buɗewa.

Abin da nake roƙo a yi kafin wannan zango ya ƙare ƙarami ne. Kowane sashe na fiziks da lissafi a jami'o'in biyu ya ba da malami ɗaya, su huɗun su zauna su tsara manhajar kwana goma sha biyu, su rubuta takardun neman tallafi, su sa rana. Mai Girma Kwamishina ya taimaka da takardar da za ta sa a saki malaman sakandare na tsawon mako biyun ba tare da an taɓa albashinsu ba. In ana bukatar wanda zai bi makarantu ya tattaro sunayen malaman da ke so, ni da abokan aikina mun ɗauki wannan.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya yi riƙo da hannayenku.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Malamin fiziks a makarantar sakandare,
Sakkwato.